Bitar Tsaron Ƙauye: Tambayoyi da Amsoshi kan 'Yan Sanda, 'Yan Banga, Gobara, Naƙuda da Ruwa

Wannan shafi na waɗanda nauyin ƙauye ke wuyansu ne a Arewacin Nijeriya: dagatai da masu unguwanni, kansiloli, limamai, shugabannin ƙungiyoyin ci gaban gari, da duk wanda ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan abu ya faru. Tambayoyin su ne waɗanda kan taso idan gari ya ce zai zauna ya duba abin da ya tanada don kare rayuka da dukiya. Ma'aunin da amsoshin ke komawa gare shi guda ne: daga ihun farko zuwa isowar taimako, lokaci nawa ake ɗauka, kuma wa za a tambaya idan taimakon bai zo ba.

Mene ne bambancin wannan bita da taron da muka saba yi a ƙofar gidan dagaci?

Taron da muka saba, bayan ta faru ake kiransa. An kore shanu, ko rumbuna sun ƙone, ko an dawo daga binne mai jego. Zukata na tafasa, kowa ya faɗi abin da ke ransa, a yi addu'a a watse. Bita kuwa lokacin da hankali ke kwance ake yin ta. A ɗauko shekarar da ta wuce tun daga farkonta, a lissafo duk abin da ya taɓa rai ko dukiya a garin: sata, hari, rikicin manomi da makiyayi, gobara, haɗarin mota, nutsewa a ruwa, saran maciji, haihuwar da ta zo da gardama. Kowane ɗaya a yi masa tambayoyi huɗu. Wa aka fara kira? Ƙarfe nawa aka kira, ƙarfe nawa taimako ya iso? Wa ya biya kuɗin mai? In taimakon bai zo ba, wa aka je aka tambaya dalili?

Tambaya ta biyu ita ce uwa. Gari na iya taƙama da baburan da aka raba wa 'yan sintiri, an yi biki an ɗauki hotuna, amma daren da ake buƙatarsu babu mai a tankin ko ɗaya, makullin kuma yana aljihun wanda ya tafi ci-rani. Lissafin kayan aiki ba zai tona wannan ba. Lissafin lokaci ne ke tona shi.

Shin ƙauye ma yana da gwamnati? Wa ke da alhakin me?

A dokar Nijeriya matakan gwamnati uku ne, kuma na ƙasa shi ne ƙaramar hukuma, guda 774. Ƙauye ba shi da majalisar da ke yin kasafi, ba shi da baitulmali. Dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin sarki, masu unguwanni suna ƙarƙashin dagaci. A ɗaya gefen kuma akwai kansilan mazaɓa da ciyaman.

Da ba haka abin yake ba. En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, ce ke riƙe da 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai. A zamanin Janar Yakubu Gowon aka karɓe waɗannan, aka narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa raba masarautu da ikon zartarwa. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. Saboda haka DPO ba yaron ciyaman ba ne, kwamishinan 'yan sandan jiha yake amsa wa. Sibil difens ma ta tarayya ce. 'Yan kwana-kwana akwai na jiha akwai na tarayya. Asibitin sha-ka-tafi yana tsakanin ƙaramar hukuma da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha. Kasuwa, tasha, magudanar ruwa, kwashe shara da ƙananan hanyoyi kuwa, Jadawali na Huɗu na tsarin mulki ya ɗora su a kan ƙaramar hukuma.

Sanin wannan rabo yana da amfani ƙwarai, domin da yawa daga ƙorafin ƙauye yana mutuwa ne a ofishin da ba nasa ba.

To in dagaci ba shi da 'yan sanda, ba shi da kuɗi, me ya rage masa?

Sanin gari. Babu DPO ko ciyaman da ya san wane gida ne aka sauki baƙo, wane burtali ne aka cinye da noma, wace rijiya ce bakinta ya zube, wace tsohuwa ce ke kwana ita kaɗai a bakin rafi. Mai unguwa ya sani. Kuma dagaci yana da abin da kuɗi ba ya saye: in ya kira taro ana zuwa, in ya sa hannu a takarda hakimi zai karanta. Bita ita ce hanyar mayar da wannan sani hujja a rubuce, wadda za a iya ajiyewa a teburin mai iko.

Su wa ya kamata su zauna?

Dagaci da masu unguwanni, liman, kansila, shugaban 'yan banga, jami'in ofishin 'yan sanda mafi kusa, mai kula da asibitin mazaɓa, hedimasta, sarkin kasuwa, shugaban direbobin tasha da na 'yan acaɓa, sarkin ruwa in garin na bakin kogi ne. Inda ake da Kirista a gari, da fasto.

Akwai mutum biyu da aka fi mantawa, kuma rashinsu ke gurgunta zaman. Na farko arɗo. Garin da ya tsara tsaronsa ba tare da Fulanin da ke rugagen kewayensa ba ya riga ya sanar da su cewa su ake tsaro. Na biyu mata. Ungozoma ta san adadin matan da suka rasu a hanyar asibiti fiye da kowane namiji a garin, kuma 'yan mata masu zuwa ɗebo ruwa da itace su suka san hanyar da ake tare su. In al'adar garin ba ta ba da damar su zauna a zaure ɗaya da maza ba, a yi musu nasu zaman a gidan dagaci, magajiya ko shugabar mata ta kawo abin da suka faɗa, a rubuta shi da nauyi ɗaya da na maza.

A garinmu ana tsoron infoma. Ba haɗari ba ne a tattauna tsaro a bainar jama'a?

Haɗari ne, kuma duk wanda ya zauna a yankin Zurmi ko Batsari ko Birnin Gwari ya san abin da magana ɗaya ke jawowa. A raba zaman biyu. Gobara, haihuwa, ambaliya, kuɗin da aka tara da yadda aka kashe su, waɗannan a fili za a yi su, kowa ya ji. Wuraren da 'yan sintiri ke kwana, sunayen masu kawo labari, hanyar da za a fitar da mata da yara in an kawo hari, waɗannan na mutum kaɗan ne, kuma ba a rubuta suna.

Sai dai a yi hattara da kalmar infoma kanta. An sha jefa ta a kan abokin gaba saboda rikicin gona ko na aure, kuma zargi irin wannan yakan ƙare da gawa. Wanda ake zargi a miƙa shi ga hukuma da hujja.

Ta yaya za mu auna aikin 'yan sanda, alhali ba mu muke biyan su ba?

Da tambayoyi masu sauƙi, a yi su cikin mutunci, gaba da gaba. Jami'ai nawa ne ke kwana a ƙaramin ofishin da ya fi kusa? Motar sintiri tana tashi? Kilomita nawa ne daga babban ofishin yanki zuwa garin, kuma da damina hanyar tana biyuwa? Cikin kiran da aka yi bara, guda nawa aka amsa? Sau da yawa za ku tarar jami'in da kuke jin haushi shi ma a matse yake, mutum kaɗan aka ba shi da garuruwa da yawa. Wannan ba ya wanke shi, amma yana nuna muku inda za ku kai kuka: ofishin kwamishina, da ɗan majalisarku.

Akwai ƙofofin da doka ta buɗe. Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato PCRC, yana nan tun 1984, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma. Ku tambaya ko garinku yana da wakili a ciki, kuma yaushe rabon da a zauna.

Mutanenmu sun fi tsoron caji ofis fiye da ɓarawo. Wannan yana cikin bita?

Yana ciki tsundum, domin wanda ke tsoron kai ƙara ba zai kai labari ba. Abubuwa huɗu ya kamata kowane mai unguwa ya haddace. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Doka ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, ba a tsare uba ko mata don ɗa ko miji ya gudu. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka tsare gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma kwana biyu ne ma'aunin. Azabtarwa laifi ce a ƙarƙashin dokar hana azabtarwa ta 2017. In bita ta nuna ana karɓar kuɗin beli, a rubuta ranaku da adadi, a kai wa DPO, in bai gyara ba a wuce gaba.

'Yan banga su ne ke kwana a waje saboda mu. Me ya sa za a bincike su?

Saboda su ne ke kwana a waje saboda mu. A mafi yawan ƙauyuka ɗan banga da maharbi su ne farkon isa wurin, sau da yawa su ne na ƙarshe ma. Mutum ne mai iyali, da tocila da gora ko bindigar toka, yana fuskantar mai AK-47. In ya mutu, wa ke ciyar da marayunsa? In harsashi ya same shi, wa ke biyan asibiti? Garin da bai amsa waɗannan ba bai yi wa 'yan bangarsa adalci ba, ko da kullum yana yi musu kirari.

Ɗaya fuskar kuma ba ta ɓoyuwa. Abin da ya faru a Zamfara darasi ne mai ɗaci. Satar shanu da fashi sun yi yawa, jama'a suka kafa 'yan sa-kai, wasu daga cikinsu suka shiga kashe waɗanda ake zargi a kasuwanni ba tare da shari'a ba, akasari Fulani, ramuwar gayya ta biyo baya a kan garuruwa ɗungurungum. Ba wannan kaɗai ya haifi ta'addancin daji ba, akwai rikicin burtali da gandun daji, da rashin adalci a kotuna, da kwararowar makamai. Amma ya zuba wa wutar mai, har gwamnatocin jihar suka sha haramta ƙungiyar.

Don haka a duba waɗannan: akwai rajistar sunaye, kuma mai unguwa ya tsaya wa kowane mutum da ke ciki? Ofishin 'yan sanda ya san da su? Ana shaye-shaye a bakin aiki? Mutum nawa suka kama bara, kuma nawa daga ciki suka isa hannun hukuma da ƙafafunsu? Doka ta yarda farar hula ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma ta ce ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ɗaure mutum a ɗaki, dukansa don ya amsa laifi, cin tararsa, duk sun fita daga hurumin ɗan banga. Ranar da gari ya kau da kai aka yi wa baƙo haka, ya buɗe ƙofar da za a yi wa ɗansa gobe.

Kuɗin da ake karɓa gida-gida ma a karanta lissafinsa a fili. Rikici da yawa tsakanin gari da 'yan sintirinsa daga nan yake farawa.

Askarawa da dakarun da jihohi suka kafa fa?

Katsina ta ƙaddamar da nata dakarun tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023 a mulkin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a watan Janairu na 2024 a mulkin Gwamna Dauda Lawal, Sakkwato ma ta kafa nata. Bambancinsu da 'yan bangar gari shi ne jiha ce ta ɗauke su, ta horar da su, take biyan su. Wannan yana nufin akwai kwamandan da za a iya kai wa ƙara. Ku san sunansa da lambarsa, ku san mutum nawa aka turo wa mazaɓarku, kuma ku auna su da ma'aunin da kuka auna kowa.

Garinmu har kuɗin noma yake biya wa 'yan bindiga. Bita me za ta yi mana?

Ba za ta kori mai bindiga ba, kuma duk wanda ya ce muku za ta yi bai san halin da kuke ciki ba. Wannan nauyin gwamnati ne. Sashe na 14 na tsarin mulki ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa ta. Abin da ke hannunku ya fi ƙanƙanta, amma rai ne. Wa zai ɗauki tsofaffi da guragu in an gudu? Wane gari ne zai karɓe ku, kuma an yi magana da dagacinsa tun yanzu? Makaranta tana gefen daji ne, kuma wa zai sallami yara in labari ya zo? Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021 da Kuriga a Maris ɗin 2024, babu hedimastan da ya kamata a bar shi da wannan shawara shi kaɗai.

Kuma a adana tarihin abin da aka yi muku: rana, adadin waɗanda aka kashe ko aka sace, abin da aka biya. A ajiye shi a hannu amintacce a wajen gari.

Muna da lambar kiran gaggawa ta 112, amma sabis ba ya kamawa.

A gwada ta da rana tsaka, ranar bita, a gaban kowa, a ga ko tana shiga. A gano tudun da sabis ke kamawa da layin da ya fi ƙarfi. A rubuta lambobin DPO da mai asibiti da direbobi a manna a masallaci da shagon caji. Kada a yar da hanyoyin da aka gada: ganga, usur, lasifikar masallaci, ɗan aike a babur. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, waɗannan ne suka rage. Sai dai a yi yarjejeniya a kan alama, yadda kiran gobara zai bambanta da kiran hari, don kada mutane su fito da bokitai su tarar da bindiga.

Motar kashe gobara ba ta taɓa zuwa garinmu ba. Me za mu duba?

Gaskiyar magana, in motar tana hedikwatar jiha ko wani babban gari mai nisa, kafin ta iso danni da jinka sun zama toka. Gobarar ƙauye maƙwabta ne ke kashe ta, saboda haka bitar ta fi karkata ga rigakafi. Da hunturu ake shan wahala: iska na kaɗawa, komai ya bushe, ana shiga ɗaki da garwashi don jin ɗumi. A zaga gari a ga inda aka jibge kara da harawa jikin madafa, inda rumbuna suka haɗu da juna babu tazara, inda aka ja wayar lantarki ko ta sola ba bisa ƙa'ida ba, da lungun da aka toshe da gini. A san gidajen da 'yan bumburutu ke kwana da jarkokin fetur, a nema musu wuri a gefen gari. A koya wa kowa cewa wutar fetur da ta man girki ba a watsa musu ruwa, yashi ake zubawa ko a rufe su da jiƙaƙƙen buhu. Masu ƙona daji don farautar gafiya kuma mai unguwa ya san su da sunansu.

Garinmu na bakin titi ne. Akwai abin da ya shafe mu daban?

Akwai. A ranar 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. Jama'a suka taru ɗibar man da ke malala, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Talauci ne ke kai mutum bakin tanka da bokiti, kuma wa'azi kaɗai ba ya maganin talauci. Amma gari na iya yanke shawara tun kafin ranar: in tanka ta faɗi, 'yan banga su killace wurin daga nesa, liman ya yi shela a lasifika, a kashe duk wata wuta da injin da ke kusa, a kira hukumar kiyaye haɗurra a 122.

Me ya kawo haihuwa cikin maganar tsaro?

Ku ƙirga kaburbura. A garuruwa da yawa da ba su taɓa ganin ɗan bindiga ba, matan da suka rasu wajen haihuwa sun fi waɗanda ɓarawo ya taɓa ji wa rauni yawa nesa ba kusa ba, amma babu wanda ya taɓa kiran taron gaggawa a kansu. Wannan abin kunya ne a gare mu, mu maza musamman.

Ma'aikatan lafiya suna maganar jinkiri uku. Na farko a gida: mace na zubar da jini ko tana jijjiga, ana jiran mai gida ya dawo ya ba da izini, ko ana gwada rubutu da jiƙo. Na biyu a hanya: babu mota, ko direba ya tsuga kuɗi, ko rafi ya kawo. Na uku a asibiti: an iso an tarar da ƙofa a kulle, ko babu jini. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin sa'o'i biyu, don haka kowane jinkiri a cikin ukun nan yana iya zama ajali.

Biyun farko suna hannun gari. Magidanta su ba da izini tun ciki na ƙarami, a gaban shaida, cewa ko ba sa nan a tafi da ita. A yi asusun haihuwa da ake ranta wa iyali kuɗin mota nan take. A yi magana da direbobi. A jihohi irin su Jigawa da Katsina da Yobe an yi tsarin da 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW ke ɗaukar mata masu naƙuda a kan kuɗin mai kawai, Jigawa kuma ta yi shirin Haihuwa Lafiya. A samu matasan da suka san rukunin jininsu, waɗanda za su bi motar.

Na ukun kuma a tambaya: ma'aikaciyar da ke karɓar haihuwa tana kwana a garin? In ba ta kwana, don me? Sau da yawa amsar ɗakin kwana ne mai ƙofa da makewayi, abin da gari zai iya ginawa da aikin gayya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don asusun lafiya a matakin farko, kuma wani ɓangare yana sauka kai tsaye a asusun asibitocin mazaɓu da aka zaɓa. Kwamitin ci gaban mazaɓa yana da hurumin sanin nawa ya shigo da abin da aka saya.

Saran maciji ma hanya ɗaya yake bi. Da kaka kububuwa ke yi wa manoma ɓarna. A san asibiti mafi kusa da ke ajiye allurar dafi tun kafin a buƙace ta, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau. Asibitin Kaltungo a Gombe ya yi suna a wannan fanni, amma ba kowa ke kusa da shi ba.

An ce asibiti ba ya taɓa wanda aka harba sai da takardar 'yan sanda.

Wata dokar ta 2017 ta wajabta wa asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar ba, daga baya ya sanar da 'yan sanda. Dokar Lafiya ta 2014 ma ta hana korar mai buƙatar agajin gaggawa.

Ruwa fa, ambaliya da kwale-kwale?

Ambaliya ba ta cika zuwa ba sallama. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar sa ido kan ruwan koguna ta NIHSA kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Nijeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Mutanen kwarin Haɗeja sun san aikin: a duba jinga tun da rani, a tanadi buhunan yashi, a sare kacalar da ke toshe hanyar ruwa. Kowane gari ya yashe magudanai da kwalbatoci kafin ruwan farko, ya san tudun da za a koma, ya kuma hana gini a kan hanyar ruwa ko da mai ginin ɗan gidan sarauta ne. Kududdufan da aka haƙa don yin bulo su ma suna cin yara duk damina.

Kwale-kwale kuwa lodi ne ke kifar da shi, da tafiyar dare, da tsufan katako. A ƙarshen Nuwambar 2021 jirgin ruwa ya nutse a madatsar Watari da ke Bagwai a Kano, fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. A Mayun shekarar ma an yi babban rashi a kogin Kwara kusa da Warra a Kebbi. Sarkin ruwa ya rubuta adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka a jikinsa da fenti, a samu mai tsayawa a mashiga ranar kasuwa da ranar biki, a nemi rigunan ruwa, a kuma tabbata ana sa su.

Akwai haɗarin da ba a gani da ido?

A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya har Bagega. Gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake daka wa a cikin gidaje. Kimanin yara 400 suka rasu. Duk garin da ake haƙar ma'adinai ya hana niƙa dutse a tsakar gida. Haka nan in aka ga mutane da yawa sun kamu da amai da gudawa ko sanƙarau a 'yan kwanaki, mai unguwa ya sanar da asibiti a ranar. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, kuma aikinsa ke nan.

Duk wannan kuɗi yake ci. Daga ina?

Wani ɓangare ba ya cin ko sisi: izinin miji, tazarar rumbuna, lambobin waya a bango. Wani gari zai iya da karo-karo da gudummawar 'ya'yansa da ke birni. Sauran kuwa, kwalbati, motar asibiti, alawus ɗin 'yan sintiri, hakkinku ne a kan ƙaramar hukuma. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ta ce ba a yarda da kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu ba. Hukunci daban, aiwatarwa daban, amma ya ƙara muku hujjar tambaya. Ana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga rabon arzikin ƙasa wata-wata. Ɗalibi ɗaya mai waya zai iya nemo muku na taku kafin ku je gaban ciyaman.

Bayan an tashi, ina za a kai abin da aka rubuta?

Shafi biyu sun isa. A rubuta da Hausa, boko ko ajami, a yi kwafin Turanci don ofisoshi. Kowace matsala a sa mata sunan wanda zai bi ta da ranar da zai kawo bayani. Dagaci ya miƙa kwafi ga hakimi, kansila ya kai wa ciyaman, a bai wa DPO da shugaban sashen lafiya nasu, kuma a sa kowane ofishi ya buga hatimin karɓa a kwafin da zai dawo gari. Ku nemi abu uku da za a iya yi a bana, kada ku kai talatin. Wanda ya yi abin kirki, ɗan sanda ne ko direba ko ungozoma, a ambaci sunansa a takardar.

Mu da ke Nijar, wannan ya shafe mu?

Tsarin ya bambanta. A can doka ta san mai gari a matsayin wani ɓangare na gudanar da mulki, yana sasanta rikici yana taimakawa wajen karɓar haraji, jandarma ne suka fi kula da karkara, lambar 'yan sanda 17 ce, ta masu kashe gobara 18. Amma tambayoyin huɗu ba su canza ba, kuma garuruwan iyakar Maraɗi da Katsina da Zamfara daji ɗaya ke damun su. Dagacin wannan gefe da mai garin wancan gefe su riƙe lambar juna.

Sau nawa za a yi, kuma yaushe?

Sau biyu a shekara ya wadatar. Ɗaya da bazara, kafin ruwa ya sauka, lokacin da ake maganar magudanai da jinga da burtali da hanyar asibiti. Ɗaya bayan kaka, kafin hunturu ya kankama, lokacin da amfanin gona ya shigo gida, makiyaya ke neman shiga gonaki, gobara da sata ke ƙaruwa, matasa kuma ke shirin tafiya ci-rani, wanda ke rage hannun da ke sintiri. Kowane zama a buɗe shi da karanta takardar zaman baya, a kira sunan duk wanda aka ɗora wa aiki, ya tashi ya faɗi inda ya kwana.